Inda Amurkawa ke zama da inda suke majalisa a tsibirin Ambergris Caye, da yadda za ka shiga cikinsu

Mako 3 na farko da muka yi a San Pedro, babban garin wannan tsibiri na ƙasar Belize, babu wanda ya taka ƙofar gidanmu. Ni ɗan Fagge ne, inda baƙo ba ya kwana biyu a unguwa sai an aiko masa da kwanon tuwo an tambayi daga ina. Shekara 19 da na yi ina aikin jinya a Houston ya kamata a ce sun koya mini halin mutanen, amma na ɗauka iskar teku za ta sassauta su. Ba ta sassauta su ba. Maƙwabcinmu na sama, wani tsohon direban babbar mota daga Ohio, kullum zai ɗaga mini hannu da fara'a har kunne, ya wuce abinsa. Matata, wadda haifaffiyar Louisiana ce kuma ita ta ja mu zuwa tsibirin, dariya kawai take yi mini. Ta ce, "Baban yara, kana zaman jiran sallama, su kuwa suna can suna jiranka ranar Talata ƙarfe shida."

Da za a ce in taƙaita abin da na koya a hunturu 3 da muka yi a can, maganar nan tata ce. Ba'amurke ba a gidansa ake samunsa ba, a jadawalinsa ake samunsa. Kowace rana ta mako da wurinta, kowane wuri da mutanensa. Wanda ya haddace wannan ya gama rabin aiki. Na rubuta wannan ne saboda 'yan uwa da ke Amurka masu fasfo ko takardar zama, waɗanda ke ta tambayata a waya yadda wurin yake.

Ambergris Caye shi ne tsibiri mafi girma a ƙasar Belize, wadda da ake kira British Honduras har 1973, ta kuma samu 'yanci daga Ingila ranar 21 ga Satumba 1981. Kalmar ta biyu "ki" ake furta ta. In ka ce "kaye" a tashar jirgi an gane yau ka sauka. Tsawonsa kimanin kilomita 40, siriri kamar tsinken tsire, kuma wata 'yar mashigar ruwa ce kawai ta raba kansa na arewa da ƙasar Meksiko. Abu 3 ne ke jan Amurkawa: Turanci ne harshen hukuma, dalar Belize 2 ita ce dalar Amurka 1 tun 1976 ba ta motsa ba, sannan daga Houston awa biyu da rabi ne a jirgi. Har soket ɗin wuta irin na Amurka ne. Kana sauka filin jirgin Philip Goldson sai ka zaɓa: ƙaramin jirgin Tropic Air ko Maya Island Air, minti 15 zuwa 20 kana tsakiyar San Pedro, ko kuma ka shiga Belize City ka hau jirgin ruwa na haya, kamar awa ɗaya da rabi, yana tsayawa a Caye Caulker. Zuwan farko hau na sama, ka ga tsibirin daga bisa, domin taswirar da za ta zauna maka a kai ke nan. In kana da kaya da yawa, na ruwa ya fi sauƙin kuɗi.

Abu na farko da za ka yanke shawara a kai shi ne gefen gada. Akwai wata gada a Boca del Rio, ƙarshen gari ta arewa, mai sunan Sir Barry Bowen. Kafin a gina ta a 2006 da wani kwale-kwale mai faɗi ake ƙetarewa, ana jan sa da igiya. Gadar nan ta raba Amurkawan tsibirin kashi-kashi fiye da yadda siyasa ta raba su.

Cikin gari titi 3 ne manya, kowa na kiransu na gaba, na tsakiya da na baya, ko da yake a takarda suna da wasu sunaye kamar Barrier Reef Drive da Pescador Drive. Nan bankuna suke, da ofishin shige da fice, da kantuna, da hayaniya. Amurkawan da ke zaune a nan galibi masu sana'a ne: masu shagon koyar da nutso, masu gidan abinci, matasa masu aiki ta intanet. Kudu da gari, bin titin Coconut Drive zuwa ƙasa, nan ne mazaunin tsofaffin hannu, 'yan fansho da suka shekara goma ko fiye, a gidajen bene masu raba ɗakuna da wurin wanka na tarayya. Sun san kowa, sun san wane makaniki ne ba ya ƙarya, kuma su ne suka fi amfani ga sabon zuwa. Arewa da gada kuwa sababbin gine-gine ne da manyan masaukai da gidajen masu hannu da shuni. Shiru, iska, kyau. Amma duk nisan da ka ƙara, ruwan famfo na ƙarewa ka koma ga tankin ruwan sama, titi na lalacewa, sauro na ƙaruwa, kuma in ka manta albasa sai ka yi tafiyar minti 30.

Shawarata: shekarar farko kama haya kudu da gari, inda za ka iya takawa da ƙafa zuwa kanti. Mu mun yi kuskuren farawa da arewa saboda hoton da muka gani a intanet. Hoton bai nuna kududdufin da ke gaban gidan ba, bai kuma nuna kadan da ke shan hantsi a bakin tafkin baya ba. Kada na gaske, ba almara ba. Akwai su a ruwan da ke yammacin tsibirin, shi ya sa ba a barin yara su yi wasa a nan da magariba.

Sai abin hawa. A San Pedro motar golf ce jakin kowa, irin ƙaramar nan mara ƙofa. Mallakar taka sai da izinin hukumar gari, kuma ba nan take ake samu ba, saboda titunan sun riga sun cika. Haya ta wata ta fi ta kwana sauƙi nesa ba kusa ba, amma duk da haka tana cin aljihu. Ni keke na saya na hannu, kuma shi ya fara haɗa ni da mutane, don mai keke ana tsayar da shi a gaisa, mai mota sai ɗaga hannu. Gishirin teku na cin sarƙa, ka riƙa wanke shi da ruwan daɗi kana sa mai.

Yanzu ga jadawalin. Da safe, daga ƙarfe shida zuwa tara, bakin teku na gabas nasu ne: masu tattaki, masu jan kare, masu motsa jiki a kan gadojin katako da suka miƙe cikin ruwa. Doka ta bar ƙafa 66 daga bakin ruwa a matsayin hanyar jama'a, saboda haka ko gaban otal mai tsada ne kana da ikon wucewa. Daga nan sai karin kumallo. Gidan abincin Estel's, a bakin ruwa cikin gari, ƙasan wurin yashi ne, nan za ka ga teburin da mutum shida ko bakwai suka shekara suna zama a kujeru iri ɗaya, suna cin wani soyayyen fulawa mai kumbura da ake kira fry jack, ɗan uwan fanke amma ba sukari. Kada ka ja kujera ka zauna a teburinsu ranar farko. Zauna kusa, ka dawo gobe, ka dawo jibi. Rana ta uku wani zai juyo ya tambaye ka daga wace jiha kake. Wannan tambayar ita ce sallamarsu. Ba "ina gajiya" ba, ba "yaya iyali" ba. Ka ce Texas, ko Maryland, ko duk inda kake, sannan ka ƙara da cewa asalinka Najeriya. Daga nan hira ta ɓalle, don kusan kowane ɗayansu ya taɓa samun likita ko ma'aikacin jinya ɗan Najeriya, kuma sai ya ba ka labarin gwiwarsa tun daga farko.

Da yamma kuwa, gaskiya ɗaya ce: yawancin majalisunsu a mashaya suke. Wannan ya dame ni da farko. Arewa da gada kaɗan akwai Truck Stop, fili ne da aka jera kwantenoni aka mayar da su shagunan abinci, da dandali a baya yana kallon faɗuwar rana. Ana nuna fim a wani dare, ana gasar kacici-kacici a wani. Nan ya fi dacewa da mai iyali, don za ka ga yara na guje-guje, kuma babu mai kallon abin da ke cikin kofinka. Palapa Bar a kan ruwa yake, mutane na zaune cikin tayoyin roba suna shawagi. Ranar Alhamis da dare a Wahoo's ake abin da suke kira chicken drop: an zana lambobi a ƙasa, a saki kaza, lambar da ta yi kashi a kai ita ta ci. Caca ce tsagwaronta, ban taɓa sa sisina ba, amma na tsaya na kalli manyan mutane masu jikoki suna yi wa kaza kirari, na ce lallai duniya da faɗi take. Ranar Lahadi kowa na tafiya Secret Beach a yammacin tsibirin, kusan minti 45 a motar golf, kan hanya mai gargada. Sunan dai na sirri ne, amma wurin cike yake kamar kasuwar Kurmi ana gobe Sallah. Ruwansa bai wuce ƙugu ba har nesa, kuma ciyawar teku ba ta kai can.

Ga wanda ba ya sha, dabarar ita ce ka zo da wuri ka tafi da wuri. Ka riƙe ruwan lemun tsami ko na kankana, ka shiga ƙungiyar kacici-kacici. Suna neman wanda ya san ƙasashen Afirka da ƙwallon ƙafa ido rufe, don nan ne kullum suke faɗuwa. Ni babban birnin Burkina Faso ne ya sama mini abokai 4 a dare ɗaya. Ƙarfe tara na yi, lokacin da muryoyi suka fara tashi, sai ka yi sallama. Babu wanda ya taɓa matsa mini in sha. Sau ɗaya na ce ni Musulmi ne, magana ta ƙare. Ka kuma sani akwai waɗanda tsibirin ya cinye, sun zo hutawa sun ɓuge da fara sha tun hantsi. Za ka gane su a mako guda. Ka gaishe su da mutunci, kada ka ba su rance.

Ƙofar da ta fi kowace faɗi, a ganina, ita ce aikin sa kai. Ba'amurke ɗan fansho ba ya iya zama haka nan, sai ya nemi kwamiti. Akwai ƙungiyar Lions da ta Rotary, akwai masu taimaka wa makarantar Holy Cross a unguwar San Mateo, inda talakawan tsibirin suka yi gidaje a kan fadama, akwai masu fita tsintar robobi a bakin teku ranar Asabar. Akwai kuma SAGA, gidan kula da karnuka da kyanwoyin da ba su da masu su, inda mutane ke zuwa su ja kare yawo kyauta. Matata ta je, ni na ce a kai kasuwa. Da aka ji ni ma'aikacin jinya ne sai aka sa ni auna hawan jini a wani taron duba lafiya kyauta. A yini ɗaya na san mutane fiye da na mako 3 da na yi ina jiran sallama. Nan ne kuma aka fara gayyatarmu gida, irin cin abincin da kowa ke zuwa da kwanonsa. In an gayyace ka, tambayi me za ka kawo, kuma ka zo a kan lokaci. Matata ta yi dafa-duka da kifi, ni na yi yajin ƙuli na gasa kaza. Tun daga ranar sunana ya koma mai tsire. Babbar gayyata ita ce ta Alhamis ta huɗu a Nuwamba, ranar godiyarsu, sai daren wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka a Fabrairu. In aka kira ka waɗannan biyun, ka shiga.

Kada ka manta tsibirin yana da masu shi. 'Yan asalin San Pedro jikokin mutanen da suka gudo daga yaƙin Yucatán ne wajen 1848, masunta ne kafin baƙi su zo, a gida Sifaniyanci suke yi, a titi kuma Kiriyol da Turanci. Su suna gaisuwa irin tamu: ba ka shiga kanti ka fara da tambayar farashi. Akwai Amurkawan da suka shekara 10 ba su taɓa cin abinci a gidan ɗan gari ba, kullum suna ƙorafin an yi musu tsada. Kai da ka fito daga inda ake gaisuwa, kana da jarin da ba su da shi. Je dandalin tsakiyar gari da dare inda mata ke sayar da abinci, je bikin watan Satumba, ranar 10 da ranar 21, ka ga gari ya fito. Sai dai ka tambaya kafin ka ci: shinkafa da waken nan mai madarar kwakwa wani lokaci da wutsiyar alade ake dafa ta, waken da aka dama ma akan sa masa kitse. Kifi ne mafita, kuma ga shi sabo kullum. Lobsta ana buɗe kamunta a Yuli, a rufe ƙarshen Fabrairu. Wani abin da ya ba ni mamaki, kantuna da dama na Kwarori ne, irin dai waɗanda muka taso muna gani a Kantin Kwari. Sallama ɗaya na yi wa wani mai kantin kayan gini, shi ya nuna mini inda ake haɗuwa ranar Juma'a. Alƙibla daga can arewa maso gabas take, kuma Najeriya na gabanku da awa 7, saboda haka kiran gida da sassafe ya fi.

Maganar takardu a gurguje. Mai fasfon Amurka ana ba shi kwana 30 a filin jirgi. Kafin su cika sai ka je ofishin shige da fice ka sabunta. Dalar Belize 200 muke biya kowane wata. Layin ofishin nan ma majalisa ce, don duk sabon zuwa sai ya bi ta nan. Wanda ya shekara cur bai fita ƙasar fiye da kwana 14 ba zai iya neman zaman dindindin. Akwai kuma QRP, shirin zaman masu ritaya na hukumar yawon buɗe ido, ga mai shekara 40 zuwa sama da ke da kuɗin shiga dalar Amurka 2,000 a wata daga waje: ba a karɓar haraji a kan kuɗin da ya shigo da su, yana shigo da kayan gidansa ba kuɗin kwastan, amma ba zai kama aikin albashi a ƙasar ba. Ka tuna Amurka ba ta sakin ɗanta: duk inda kake sai ka cike takardar haraji, kuma in kuɗinka a bankunan waje ya haura dala 10,000 sai ka sanar. Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga tsofaffi, ba ta biya a can. Ofishin jakadanci yana Belmopan, ba a tsibirin ba. A matsayina na ma'aikacin jinya, wannan ne abin da nake fara faɗa wa masu ciwon zuciya ko ƙoda: ƙananan larurori ana maganinsu a San Pedro, babba kuwa jirgi ne zuwa Belize City, ko Mérida a Meksiko, ko komawa gida. Sayi inshorar da ta haɗa da ɗaukar mara lafiya a jirgi.

Sai batun sayen gida, inda na ga mutane sun fi ƙonewa. A majalisar nan da ka samu shiga, cikin mutum 5 ɗaya dillali ne, ko matarsa ce, ko abokinsa. Duk wanda ya ga dama zai iya buga kati ya ce shi dillalin gidaje ne. Wani mai fara'a ya ɗauke ni a motarsa har bayan tsibirin, ya nuna mini fuloti a farashin da ya sa na fara lissafi a zuci. Allah ya sa na koma ni kaɗai bayan an yi ruwan kwana biyu. Sandunan iyakar kawai na hango, sun leƙo daga cikin ruwa. Baƙo na da ikon mallakar fili da sunansa, harajin saye kashi 8 cikin ɗari ne, amma ka ɗauki lauyanka na kanka, ba wanda dillali ya nuna maka ba, ya binciki takardar mallaka. A 2018 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta kai ƙarar masu wani shiri da ake kira Sanctuary Belize a kudancin ƙasar, inda Amurkawa suka zuba sama da dala miliyan 100 a filayen da ba a gina abin da aka yi musu alkawari ba. Turanci suke ji, takardun da Turanci aka rubuta, kuma 'yan ƙasarsu ne suka sayar musu.

Kafin ka sa hannu a komai, zauna wata Satumba ko Oktoba a can. Daga Disamba zuwa Afrilu tsibirin amarya ne: iska mai daɗi, masu gudun sanyi daga Amurka da Kanada sun cika ko'ina, kowane dare da shagali. Bayan Ista sai su watse. Zafi ya sauko, kuɗin wutar na'urar sanyaya ɗaki ya ninka, ciyawar teku mai ruwan ƙasa ta taru a gaɓar gabas tana ruɓewa da warin ƙwai, wasu gidajen abinci su rufe na wata guda. Lokacin guguwa daga Yuni ne zuwa Nuwamba, kuma duk wanda ya ga guguwar Keith a shekarar 2000 zai nuna maka da hannu inda ruwa ya kai a bangonsa. Waɗanda ka tarar a teburin Estel's cikin Oktoba su ne mazauna na gaske, kuma lokacin suna da sararin hira.

Direban nan na Ohio, a ƙarshe a layin shige da fice muka yi magana ta kirki, wata na biyu. Ashe yana da ƙaramin jirgin kamun kifi, kuma ya daɗe yana neman wanda zai iya tashi ƙarfe biyar na asuba. Na ce masa ni dama a farke nake a lokacin. Ran Laraba muka fita, muka bi ta gefen Hol Chan, wurin da aka killace tun 1987 ba a kamun kifi, muka wuce gaba inda aka halatta. Shingen murjani bai kai kilomita ɗaya daga gaɓa ba, kana jin ƙugin igiyar ruwa na dukansa tun daga ɗaki. Ya ba ni ƙwayar hana jiri na ce ba na buƙata. Kifi 6 ya kama, ni kuwa na yini rungume da bokiti.